Daga Jikin Mutum Zuwa Ɗan Katun: Tambayoyi Kan Ɗaukar Motsi

Me ake nufi da ɗaukar motsi?

Hanya ce ta auna yadda jikin mutum yake motsawa, a mayar da awon ya zama lambobi, sannan a ɗora su a kan surar da aka ƙera a kwamfuta domin ta yi tafiya, ta yi tsalle, ta zauna kamar mai rai. Tunanin ya daɗe. Tun a 1915 Max Fleischer ya ƙirƙiro wata na'ura a Amurka wadda masu zane ke haska fim ɗin mutum a kanta, suna bin sawunsa da fensir hoto bayan hoto. Yau kwamfuta ce ke wannan bibiya, kuma abin da take adanawa shi ne inda kowace gaɓa take a kowane lokaci.

Yaya ake ɗaukar?

Ɗan wasa zai sa matsattsun kaya, a manna masa ƴan ƙwallaye masu ƙyalli wajen 40 ko 50 a gwiwa, gwiwar hannu, ƙugu, kafaɗa da sauransu. Kyamarorin da ke kewaye da ɗakin, irin na kamfanin Vicon ko OptiTrack, suna fitar da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, ƙwallayen su dawo musu da shi. Sai aƙalla kyamara biyu sun hango ƙwallo ɗaya kafin a iya lissafa inda yake a sarari, kuma sau da yawa ana yin wannan awon sau 120 a daƙiƙa guda. Kafin a fara, ɗan wasan kan tsaya ya buɗe hannuwa kamar harafin T, domin manhaja ta san tsawon ƙasusuwansa.

Akwai kuma rigar da ba ta buƙatar kyamara, kamar ta Xsens mai na'urorin awo 17. Ana iya amfani da ita a fili, amma ƙananan kurakuran lissafinta kan taru, har surar ta riƙa gocewa daga inda mutumin yake tsaye.

To, da an ɗauka shi ke nan?

Ina! A nan ma aikin yake. Idan ɗan wasa ya rungume hannuwansa ko ya kwanta ƙasa, wasu ƙwallayen kan ɓoye wa kyamara, sai a sami giɓi a bayanan. Wani lokaci manhaja ta rikita ƙwallon hannun dama da na hagu, ka ga hannu ya murɗe kamar ya karye. Mai gyara zai zauna yana cike giɓin, yana mayar wa kowane ƙwallo sunansa. Ga kuma karkarwar da awo ke zuwa da ita, wadda ake tacewa. Tacewar nan ita ce mai haɗari a ganina: ka yi ta kaɗan surar ta riƙa rawar sanyi, ka wuce gona da iri naushi ya zama kamar shafa, nauyin jiki ya ɓace.

Idan surar ba ta kai girman ɗan wasan ba fa?

Sai an sake daidaita motsin da ƙwarangwal ɗinta. Takun dogon mutum idan aka ɗora wa gajeren ɗan katun, ƙafarsa za ta riƙa zamewa kamar mai tafiya a kan santsi, hannun da ya kamata ya kama kofi kuma ya kama iska. Akan kafe ƙafar a ƙasa, manhaja ta lissafa yadda gwiwa da ƙugu za su lanƙwashe. Manhajar MotionBuilder ta kamfanin Autodesk ta shahara a wannan aiki, akwai kuma manhajar Blender wadda kyauta ce. 

Shin wannan ya kori masu motsa zane da hannu?

Bai kore su ba. Gollum, wata halitta da aka ƙera a kwamfuta a fim ɗin The Two Towers na 2002, ya samu motsin jikinsa daga ɗan wasa Andy Serkis, amma fuskarsa ma'aikatan kamfanin Weta Digital ne suka motsa ta da hannu suna kallon wasansa. Zuwa fim ɗin Avatar na 2009 an riga an ɗaura wa ƴan wasa ƙaramar kyamara a gaban fuska, duk da haka masu gyara ne suka bi kowane murmushi suna daidaita shi da fuskar halittun fim ɗin, wadda ba ta mutum ba ce.