Waiwaye: Yadda Itatuwa Suka Dawo Gonakin Maraɗi da Damagaram

Kowace yunwa a ƙasar Hausa da sunanta. Ta 1913 zuwa 1914 Kakalaba ake ce mata. Ta 1984 kuwa, mutanen Nijar El-Buhari suke kiranta, domin a shekarar ne gwamnatin soja ta Janar Buhari a Najeriya ta rufe iyaka, hatsin da aka saba samu daga kudu ya yanke, ga kuma damina ta ƙi. Tsakaninsu akwai farin 1973 da ya ƙarar da garken shanu. A da, in damina ta yi gardama, gida yana da abin jingina: tsohon gero a rumbu, 'yan awaki, cin rani, da kuma daji, inda ake samo ganyen miya, 'ya'yan itace da itacen sayarwa. Kafin 1984 ta zo, wannan na ƙarshen ya kusa ƙarewa a jihar Maraɗi.

Ba fari kaɗai ya cinye shi ba. Noman gyaɗa ya faɗaɗa gonaki, jama'a ta ƙaru, aka daina barin saura ta huta. Malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share tas, manomin da ya bar sabara a gonarsa kuwa rago ake ce masa. Sannan ga doka. Tun zamanin Faransa, har dokar daji ta 1974, itatuwa irin su gawo na hukuma ne ko da a gonarka suka tsiro, ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. To wa zai yi renon abin da zai ja masa tara? Sai manomi ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. A ganina wannan doka ta yi ɓarnar da ta kai ta gatari.

Maganin da aka fara kawowa shi ne dashe. An kashe kuɗi masu yawa a kan turare da dogon yaro, akasarinsu rani da awaki suka gama da su. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, mai aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa 'yan ciyayin da ake sassabewa duk bazara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙasa. A zaɓi masu ƙarfi kaɗan, a rage sauran, a riƙa yi musu aski, cikin 'yan shekaru sun zama itace, ba ban ruwa ba sayen iri. Wannan shi ne sassabin zamani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da rabon ya ƙare da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari ne suka zama malaman maƙwabtansu, domin an ga iska ta daina binne musu shuka da rairayi, ba sa maimaita shuka sau uku ko huɗu kamar kowa.

A jihar Damagaram kuwa, wajen Magarya, Matamaye da Mirriya, gawo ne ya yi sarauta. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa, ganyen ya zama taki, 'ya'yansa kuma su riƙe dabbobi da rani. Da hannun hukuma ya yi sanyi a ƙauyuka, dokar daji ta 2004 kuma ta sassauta, abin ya bazu daga gona zuwa gona. Binciken da aka yi da hotunan sama ya ƙiyasta cewa faɗin gonakin da itatuwa suka dawo ya kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200.

Jarrabawar ta zo a 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, lokacin da farashin tiyar gero ya fi ƙarfin talaka, yara masu tamowa suka cika asibitocin Maraɗi. Gidan da ke da itatuwa yana iya sare reshe ya kai kasuwa ya auno hatsi, mata su sayar da kuka ko magarya, akuya ta samu abin ci ba a karyar da ita da arha ba. Yunwa ta shiga, amma ba ta kai ga sayar da gona ba a gidaje da dama.

Sai dai itace na mai gona ne. Wanda ya yi aro ko jingina, da matar da ba ta gaji ƙasa ba, rabonsu kaɗan ne. Gonaki kuma sai ƙanƙancewa suke yi wajen rabon gado. Ana satar itace da dare, ana kuma samun saɓani da makiyaya a kan sassake rassa, shi ya sa ƙauyuka irin Ɗan Saga ta wajen Agye suka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa manoma, mata da Fulani. Sai a 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince a rubuce cewa itacen da manomi ya rena a gonarsa hakkinsa ne, kusan shekara 40 bayan manoman sun fara aikin.