Waiwaye: Me ya sa kodin ke ɗaure ciki?

Masu kemis a Jos, daga Gangare zuwa Unguwar Rogo, sun saba jin wannan kuka: wanda ya daɗe yana shan kodin ko tiramadol, bayan gida ya ƙi fita, ciki ya yi tauri. Da yawa sukan ɗora laifin a kan basir. Alhali maganar tana cikin jijiyoyin hanji ne, kuma bincikenta ya faro tun ƙarni na 19.

A 1857 Georg Meissner ya gano sarƙar jijiyoyi a bangon hanji, Leopold Auerbach ya gano ta biyu a 1862. A 1899 kuma Bayliss da Starling suka nuna a Landan cewa hanjin kare yana tura abinci gaba ko da an yanke jijiyoyin da ke haɗa shi da ƙwaƙwalwa. Hanji na da ƙwayoyin jijiya sama da miliyan 100.

To, da me suke isar wa juna saƙo? Wani ɓangare na amsar shi ne niyurofeftaid, wato 'yan guntayen furotin da jijiya ke saki. A 1931 von Euler da Gaddum suka samo sinadarin P daga hanji da ƙwaƙwalwar doki. A 1970 Sami Said da Viktor Mutt suka fitar da wani niyurofeftaid da ake kira VIP daga hanjin alade a Suwidin. Idan loma ta iso, sinadarin P na taimakawa wajen matse tsokar da ke bayanta, VIP na sassauta ta gabanta, kamar mai matso man goge baki daga ƙasa. VIP yana kuma sa hanji ya zubo ruwa. Ciwon ƙari (kumburin tsoka a cikin jiki) da ke fitar da shi da yawa kan jawo zawo mai tsanani.

Wanda ya fi shafarmu ya zo a 1975 a Aberdeen ta Birtaniya, inda Hughes da Kosterlitz suka gano niyurofeftaid mai suna enkefalin, wanda ke rage motsin hanji da ruwansa. Inda yake kamawa a jikin jijiya, nan kodin da tiramadol ke kamawa, su daɗe ba su saki ba. Sai abinci ya tsaya, ruwansa ya tsotse. Abin takaici, ko jiki ya saba da ƙwayar, hanji ba ya cika sabawa.

Ta wannan hanya Imodium ke tsayar da gudawa. Sai dai ba ya mayar da ruwan da ya fita, shi ya sa ga ƙaramin yaro ruwan gishiri da sukari likitoci ke cewa a bayar.