Yadda ake gano girman fili daga zanen da ke kan takarda

Wai mene ne wannan 1:100 ko 1:500 da ake rubutawa a ƙasan zanen gida ko takardar safiyo?

Shi ne sikeli. Yana gaya maka sau nawa aka rage abin kafin ya shiga takarda. In ka ga 1:100, santimita 1 a takarda santimita 100 ne a ƙasa, wato mita 1 kenan. In 1:500 ne, santimita 1 mita 5 ne. Taswirar da aka yi da 1:50,000 kuma santimita 2 a kanta kilomita 1 ne.

To ya zan san tsawon bango ko gefen filoti?

Ɗauko rula ka auna, ka ninka da lambar sikelin, shikenan. Filoti a kan 1:500 ka auna ka samu santimita 3 a faɗi, 6 a tsawo, to mita 15 da mita 30 ne, kusan hamsin da ɗarin nan da dillalai suke faɗa da ƙafa, duk da dai shi hamsin da ɗari na gaskiya ya ɗan fi haka, kusan murabba'in mita 465 ne.

Girman filin gaba ɗaya fa, shi ma ninkawa ɗaya zan yi?

A'a wallahi, a nan mutane da yawa suke zamewa kuma abin yana damuna don kuɗi ne a ciki. Tsawo ya ƙaru sau 500, faɗi ma ya ƙaru sau 500, don haka fili ya ƙaru sau 500 sau 500, wato 250,000. A filotin can, 3 sau 6 ya ba da murabba'in santimita 18 a takarda, kowane ɗaya yana wakiltar murabba'in mita 25, jimla 450. Ni dai shawarata ka fara mayar da kowane gefe zuwa mita tukuna sannan ka ninka su, 15 sau 30, ka ga 450 ɗin ya fito ba tare da tarin sifirin da zai rikita ka ba. Haka ɗaki mai santimita 4 da 3.5 a kan 1:100, murabba'in mita 14 ne, da shi za ka je wajen mai tayil, ka ɗan ƙara saboda yanka da karyewa.

In filin a karkace yake fa?

Ka tsaga shi zuwa alwatika-alwatika, kowacce ka ninka gindinta da tsayinta ka raba biyu, sai ka tara. In gona ce, murabba'in mita 10,000 shi ne hekta 1.

An turo min hoton zanen ta WhatsApp, zan iya aunawa a kai?

Kar ma ka fara. Hoton waya ko kwafin da aka rage daga A3 zuwa A4 ya riga ya ɓata sikelin. Ka bi lambobin da safiyo ya rubuta a gefen kowane layi, kuma kafin ka biya kuɗi a je filin da tef a auna daga simintin alamar iyaka zuwa na gaba a gabanka.