Ƙa'idojin Aiki da Ingancin Kulawa a Asibitocin Haƙori na Najeriya

Ƙa'idojin aikin haƙori su ne dokoki da sharuɗɗan da ke fayyace wanda ya cancanci ya taɓa bakin majinyaci, da irin wurin da zai yi aikin, da yadda za a hukunta shi idan ya yi sakaci. A Najeriya an raba wannan nauyi gida biyu: gwamnatin tarayya ce ke tantance ma'aikacin, jihohi kuma su ne ke yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista tare da duba su.

Tarihi

Kafin zuwan likitancin zamani, wanzamai da masu maganin gargajiya ne ke cire haƙori a ƙasar Hausa, kuma abin da ke tsare sana'ar shi ne gado da mutuncin gidan da aka koya, domin babu wata hukuma da ke ba da izini. Galibi ana ambaton Ewart Gladstone MacLean, ma'aikacin mishan ɗin Baptis wanda ya yi aiki a ƙasar Yarbawa tun wajen farkon ƙarni na 20, a matsayin likitan haƙori na farko a ƙasar. Ɗan Najeriya na farko da ya sami takardar shaidar wannan fanni kuwa, an ce Sydney Obafemi Philips ne, wanda ya gama karatu a birnin Gilasgo na Birtaniya a wajajen 1926.

Bayan samun 'yancin kai, dokar likitoci da likitocin haƙori ta 1963 ta kafa Majalisar Likitocin Najeriya, wadda ta karɓi aikin rajista da ladabtarwa. Dokar soja mai lamba 23 ta 1988 ta sake mata fasali da suna, ta zama Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, wato MDCN, wadda hedikwatarta ke Abuja a yau. A tsakanin waɗannan shekaru ne aka fara horar da likitocin haƙori a cikin gida: Jami'ar Legas ta buɗe makarantarta a tsakiyar shekarun 1960, sannan Ibadan da Benin da Ile-Ife suka biyo baya a shekarun 1970. Arewa ta daɗe ba ta da irin wannan makaranta, sai a ƙarnin nan Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano suka buɗe nasu sassan, kuma wannan jinkiri yana cikin dalilan da suka sa har yanzu ƙwararrun suka fi taruwa a biranen kudu.

Sauran ma'aikatan lafiyar baki ma an yi musu hukumomi daga baya. Masu ƙera haƙoran roba da na ƙarfe sun sami tasu a 1987, masu wanke haƙori da kula da lafiyar dasashi kuma a 1993.

Rajista da ladabtarwa

Wanda ya kammala digiri yana samun rajistar wucin gadi ne tukuna, sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci a asibitin da majalisar ta amince da shi kafin a ba shi cikakkiyar rajista. Bayan haka dole ne ya sabunta lasisinsa kowace shekara, tare da nuna shaidar cewa ya halarci kwasa-kwasan ƙarin ilimi. Idan aka kai ƙara, kwamitin bincike ne ke fara sauraro, in ya ga akwai tuhuma sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta majalisar, wadda ke da ikon yin gargaɗi, ko dakatarwa, ko soke sunan likita daga rajista. Wanda bai gamsu ba yana iya zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Tsaftar kayan aiki

A nan ne ingancin asibitin haƙori ya fi bayyana, ko da yake majinyaci ba ya ganin wurin da ake yin sa. Kusan duk aikin haƙori yana haɗuwa da jini da yawu, kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana bakwai a kan ƙarfe ko teburin da jini ya bushe a kai. Saboda haka awartakin cire haƙori da sauran ƙarafa sai an wanke su sarai, an busar, an naɗe, sannan a turara su a tukunya mai matsin tururi, a zafin digiri 121 na aƙalla minti 15, ko digiri 134 na 'yan mintoci kaɗan. Tafasa kayan cikin ruwa ko goge su da sinadari bai wadatar ba, domin akwai ƙwayoyin da ke jure hakan. Allura da safar hannu sau ɗaya ake amfani da su, a jefa allurar cikin akwatin da ba ya hujewa.

Matsalar ita ce tukunyar tana buƙatar wutar lantarki mai ɗorewa da ruwa mai tsafta, ga kuma tsadar man janareta, don haka ƙaramin asibiti mai ƙarancin kayan aiki yana iya jarabtuwa da gajarta lokacin turarawa idan layi ya yi tsawo. Lasisin da ke rataye a bango ba ya nuna ko an turara awartakin da safe, shi ya sa ziyarar ba-zata ta masu duba asibitoci da kuma littafin da ake rubuta kowane zagayen turarawa suke da muhimmanci ƙwarai. Legas tana yin wannan duba ta hannun hukumar HEFAMAA, Kano kuma ta hannun PHIMA, amma ƙarfin aikin ya bambanta daga jiha zuwa jiha.

Haƙƙin majinyaci

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta a sanar da majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da haɗari da kuɗin kowace, kuma ta tabbatar masa da ikon ƙin amincewa. Ta kuma wajabta adana bayanansa da rufa masa asiri. A aikin haƙori wannan yana da nauyi na musamman, domin haƙorin babba idan aka cire ba ya sake tsirowa, kuma sau da yawa ana iya ceto shi ta hanyar cikewa ko wanke jijiya idan an yi wa mai shi bayani.

Na'urar ɗaukar hoton haƙori tana buƙatar izinin hukumar kula da makamashin nukiliya, NNRA, magunguna kuma sai waɗanda NAFDAC ta yi wa rajista.

Batutuwan da ake taƙaddama a kai

Haɗin ƙarfen da aka daɗe ana cike kogon haƙori da shi kusan rabinsa zaiba ne. Yarjejeniyar Minamata ta 2013, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan zaiba, wadda Najeriya ta tabbatar a 2018, ta nemi a rage amfani da shi, musamman ga yara da masu ciki da masu shayarwa. Wasu likitoci suna kare shi saboda araha da ƙarko. Akwai kuma saɓani kan iyakar aikin da mataimakan likita za su yi su kaɗai a karkarar da babu likita. Masu cire haƙori a kasuwa da masu sanya haƙorin Makka ba tare da horo ba suna wajen tsarin rajista gaba ɗaya, kuma yawancin waɗanda ke zuwa wurinsu tsada da nisan asibiti ne ke kai su.