Cajin batir a kwale-kwalen da ke ɗaure a bakin kogi

Kwale-kwale da yawa a bakin kogin Yamai, tun daga Gudel har Gamkalle da Saga, yanzu ba su rasa batir mai bolt 12 a ciki. Shi ke ba da fitila da dare, shi ke cajin salula, wasu ma da shi suke tada ɗan famfon kwashe ruwa. Ƴan uwa masunta da masu fito, damuwarmu ita ce abin da ke samun batirin nan bayan an ɗaure jirgi an tafi gida, an bar shi yana shan wuta ba mai kallo.

Abin da ya fi yawa shi ne pano, wato faifan da ke samar da wuta daga hasken rana, a shimfiɗe kan katako, wayoyi biyu sun taho kai tsaye kan batir. Panon da aka rubuta wa bolt 12 yana iya fitar da sama da bolt 20, batir kuwa bai son abin da ya wuce 14.4. Ko ya cika, pano bai sani ba, ɗura masa kawai yake yi. Sai ruwan ciki ya fara kumfa yana sakin iskar haidurojin, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma kashi 4 cikin ɗari nata a iska ya isa ta kama wuta. To ga batir an lulluɓe shi da tamfol saboda rana ko saboda masu ɗan hali, ga bidon esansi jingine da shi. Haidurojin tana tashi ta taru ƙarƙashin tamfol, tururin esansi kuma, da yake ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasan jirgi. Tartsatsi ɗaya daga wayar da ta yi sako-sako, ko guntun sigari, ya wadatar.

Maganin wannan shi ne regilater, ɗan akwatin da ke shiga tsakanin pano da batir yana rage wuta idan batir ya cika. Kuɗinsa bai kai na sabon batir ba. Ga panon wat 100, mai amfiya 10 ya isa. A fara haɗa shi da batir, sannan a haɗa pano. Wajen kwancewa kuma pano ake fara cirewa. Idan aka juya, wasu regilater ɗin ruɗewa suke yi, wasu ƙonewa. A sa fis, wato ƴar wayar da ke ƙonewa ta yanke wuta idan ta yi yawa, a wayar ja, kusa da kan batir, kada tazarar ta wuce taƙi ɗaya. Wanda fis ɗinsa ya ƙone ya naɗa zaren waya a gurbinsa, daidai yake da marar fis.

Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, shi ma yana cin batir: duk ƙarin kusan digiri 10 sama da 25 yana rage kwanansa da rabi. Da zafi, cajin ya tsaya wajen bolt 14. A ajiye batir a inuwa cikin akwati mai ramuka daga sama, a ɗaga shi kan katako don kada ruwan ƙasan jirgi ya taɓa shi, a ɗaure shi tam don kada igiyar ruwa ta kifar da shi. Esansi ya koma ɗaya ƙarshen jirgin.

Hasken fitila ba ya nuna gaskiyar batir. A sa masa mitar awon bolt bayan ya huta ƴan awoyi ba caji ba kaya: 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne, 12.2 ya kai rabi, kuma nan ya kamata a daina jan wuta daga gare shi. Batirin da aka bari fanko kwanaki, farin gishiri yana daskarewa a farantansa, daga nan ba ya ƙara riƙe wuta kamar da. Fitilar wat 10 ta kwana awa 10 tana cin kusan amfiya-awa 8, abin da panon wat 100 ke mayarwa kafin azahar, muddin an goge masa ƙurar hunturu.

Batir mai murafu, a duba ruwansa duk mako biyu da bazara. Ruwan ya rufe farantai da kamar santimita 1. Ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ban da na kogi, ban da na famfo, ban da asid. Kada a leƙa ciki da ashana ko laita. Wajen cire batir a fara da baƙar waya, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe, kuma a cire zobe da agogon ƙarfe tukuna.

Masu caji da grup, wato janareta, su fitar da grup ɗin tudu, nesa da inda ake kwana. Hayaƙinsa na ɗauke da guba marar wari da ke kashe mai barci a rufaffen wuri, kuma wayar kuran mai bolt 220 ba ta da wurin zama a jirgi mai jiƙa. Idan batir ya kumbura, ya yi zafin da hannu bai iya jurewa, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, a katse caji nan take a bar shi ya huce a sarari. Asid idan ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, sannan a wuce likita ko da raɗaɗin ya lafa.