Hiliyam mai sanyi da abin da ke kaɗawa a cikinsa: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Ɗaliban fiziks na nan Sakkwato, ku karanta wannan kafin ku sake tare ni a bakin ofis.

Malam, mene ne ruwan hiliyam marar danƙo?

Iskar hiliyam na zama ruwa a digiri 4.2 na Kelvin, ma'aunin zafi da ke farawa daga iyakar sanyi. Idan sanyin ya kai ƙasa da 2.17, sai ya riƙa kwarara ba tare da danƙo ba. Kapitza a Mosko, da Allen da Misener a Kambirij, su suka bayyana hakan a 1938. Sauran yana cikin littafinku.

Za mu iya gwadawa a nan?

A'a. Ana maganar kusan digiri 271 ƙasa da sifili ne a ma'aunin Salshiyos, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40. Firjin gidanku ba ya cikin wannan magana. Lissafin dai ba ya buƙatar sanyi, ku yi shi.

In babu danƙo, ta ina hargitsi zai fito?

Daga zaren guguwa. Wannan ruwa ba ya juyawa yadda ya ga dama, sai a kewayen wasu siraran zare da kaurinsu bai wuce na ƙwayar zarra ba, kuma ƙarfin juyawar kowane ɗaya daidai yake da na ɗan'uwansa. Onsager ya hango haka a 1949, Feynman a 1955, Vinen ya auna a 1961 da siririyar wayar ƙarfe mai kaɗawa a cikin ruwan. Hargitsi shi ne zaren nan su yi yawa su cukurkuɗe. Don Allah ku daina rubuta mini cewa ruwan ya tafasa.

Wane gudu zan rubuta a matsayin mafarin hargitsi?

To, nan ne sai an zauna. Ana maganar gudun wayar da ake kaɗawa a cikin ruwan ne. Lamba ɗaya tilo babu ita, duk wanda ya ba ka ita ka tambaye shi da me ya auna. Ka'idar Landau ta ba da kusan mita 60 a daƙiƙa, amma a gwaji ana ganin hargitsi tun a 'yan santimita a daƙiƙa. Dalilin shi ne ba sabon zare ake ƙirƙira ba. Tun lokacin da aka sanyaya ruwan, wasu zare sun riga sun maƙale a kaushin jikin wayar da bangon mazubi, kamar ɗan tsohon nonon da ake bari a ƙwarya don sabo ya kama. Kaɗawar ce ke miƙa su, su tsinke su haɗu, su watso zobban zare. Masu bincike a Osaka ta Japan sun cika mazubinsu a hankali har suka samu waya marar irin wannan zare, ta yi gudun da ya ninka na kullum ba ta hargitsa komai ba, sai da aka harbo mata zobba daga wata wayar.

Sannan saurin kaɗawar yana da tasiri. A ƙiyasi, gudun yana bin tushen murabba'i na ƙarfin juyawar zare ɗaya sau saurin kaɗawa. Wayar da ke kaɗawa sau 1,000 a daƙiƙa za ta ba ka 'yan santimita, ɗan dutsen nan mai yatsu biyu na cikin agogon batir, mai sau 32,768, zai haura santimita 10 a daƙiƙa. Ƙiyasi na ce, kada ka rantse a kansa. Wani abin kuma, gudun da hargitsi ya fara da shi yayin da kake ƙara ƙarfi sau da yawa ya fi wanda zai mutu a kai yayin da kake ragewa. Kuma ko a ƙasa da 2.17, in an haura digiri 1 na Kelvin akwai kason ruwan da har yanzu ke da danƙo, shi ma yana iya nasa hargitsin, sai ka rasa wa ya fara. Saboda haka ka rubuta lambar tare da zafin ruwan, da irin abin da aka kaɗa, da ko hawa ake yi ko sauka.

Yaya ake gane ya fara, tunda ba a gani?

Zana ƙarfin da ka sa a gefe guda, gudun a ɗaya gefen. Da farko layi ne miƙaƙƙe. Inda ya karye, kana ƙara ƙarfi gudun na ƙin ƙaruwa, nan ne.

Ban fahimci komai ba, zan faɗi jarrabawa?

Kwantar da hankalinki, 'yata. Masana ma har yau suna gardama kan mafarin nan. Ki riƙe 2.17, ki riƙe zaren da ya maƙale, ki iya zana layin da ya karye.

Zai fito a jarrabawa?

Ba zan faɗa ba.