Fitattun malamai da masu rawar Bharatanatyam

Bharatanatyam rawar gargajiya ce ta jihar Tamil Nadu da ke kudancin Indiya. A da ana kiranta Sadir. Matan da ake keɓewa don hidimar wuraren bautar Hindu, wato devadasi, su ne ke yin ta a ɗakunan bauta da fadojin sarakuna, su kuma maza da ake kira nattuvanar su ne malamai. Sana'ar gado ce ga ɓangarorin biyu.

'Yan'uwa huɗu na Thanjavur

Tsarin da ake bi a yau ya samo asali ne daga wasu 'yan'uwa huɗu, Chinnayya da Ponnayya da Sivanandam da Vadivelu, waɗanda suka yi hidima a fadar Sarki Serfoji na Biyu da ke garin Thanjavur wajen farkon ƙarni na 19. Su ake dangantawa da jeranta sassan wasa, daga alarippu na buɗewa, zuwa varnam mai tsawo da wuya, har tillana a ƙarshe. Daga zuriyarsu Meenakshisundaram Pillai (1869–1954) ya fito, kuma sunan ƙauyensa, Pandanallur, ya zama sunan salo guda.

Rukmini Devi

An haifi Rukmini Devi Arundale a Madurai a 1904, a gidan Brahmin, wato ajin malaman addinin Hindu, inda ake ganin wannan rawa abin kunya ce ga 'ya mace. Sai da ta girma ta yi aure sannan ta fara koyo a wajen Meenakshisundaram Pillai. Ta fito gaban jama'a a unguwar Adyar ta birnin Madras a 1935, a shekara ta gaba kuma ta kafa makarantar Kalakshetra. Ta sake fasalin sutura, ta mayar da makaɗa gefen dandali, ta rage waƙoƙin da ta ga sun cika batun sha'awa. Ta rasu a 1986. Lauya E. Krishna Iyer ma ya yi fafutukar dawo da martabar rawar tun kafin fitowarta.

Balasaraswati

T. Balasaraswati (1918–1984) 'yar gado ce gaba da baya. Kakarta Veena Dhanammal shahararriyar makaɗiya ce, mahaifiyarta Jayammal kuma mawaƙiya, ita ke yi mata waƙa a dandali shekara da shekaru. Kandappa Pillai ne ya horar da ita, kuma tana da shekara bakwai ta yi fitowarta ta farko a Kanchipuram. Gwanintarta tana wajen abhinaya, wato fassara baitin waƙa da fuska da ido da hannu. Takan ɗauki baiti ɗaya ta yi ta juya shi, kowane zagaye da sabuwar ma'ana, ba tare da ta shirya tun daga gida ba. Ta rayu a lokacin da dokar Madras ta 1947 ta haramta keɓe devadasi, gidajen gado da yawa suka watse, amma ta riƙe abin da ta gada. Daga shekarun 1960 ta yi wasa a Japan da Turai, ta kuma koyar a Amurka. A 1973 Kwalejin Kiɗa ta Madras ta ba ta lambar Sangita Kalanidhi, wadda aka saba bai wa mawaƙa da makaɗa.

Ta saɓa da Rukmini Devi kan waƙoƙin soyayya: a ganinta su kansu ibada ne, ba sa buƙatar tacewa. Har yanzu masana na muhawara kan ko farfaɗo da rawar aka yi ko ƙwace ta daga masu ita.

Na baya

Vazhuvoor Ramiah Pillai ya kai rawar cikin finafinai, kuma jaruma Vyjayanthimala ɗalibarsa ce. Padma Subrahmanyam ta yi bincike kan motsi 108 da aka sassaƙa a bangon wuraren bauta. Yamini Krishnamurthy, wadda ta rasu a 2024, ta haɗa da rawar Kuchipudi ta yankin Andhra.